Bokitan Baffa a Rumfar Makoki

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar addu'ar ukun kakarmu a Kalgo.

Mun kafa rumfar zana a ƙofar gida don masu ta'aziyya, dab da rumbun shinkafar da gidan zai ci shekara. Sai ga baffana, tsohon duba-gari, wanda ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Yana riƙe da wani littafin dokoki na zamanin Turawa da gara ta cinye gefensa.

"Wa ya ba ku iznin kafa wagga rumfa?" in ji shi. "Ko 'yan Sin, inda Turawa sunka mulke su, ba su kafa rumfar jana'iza sai da lasisi. Zana ba ta shiri da wuta."

Muka yi ta ƙunshe dariya. Da ya ga ba mai niyyar sauke rumfa, ya cika bokiti huɗu da ruwa, ya ajiye ɗaya a kowace kusurwa, ya ce na kashe gobara ne, kada a taɓa.

Da azahar bas biyu suka iso daga Gwandu maƙil da dangi, butoci suka yi kaɗan. Ni kuwa, uban son a ce na iya karɓar baƙi, na ga ruwa zaune ba ya aikin komai. Na ce, "Bisimilla, ga ruwan alwala." Har albarka dattawa suka sa mini.

Muna sallame salla iska ta kwaso tartsatsi daga murhun mata ta ɗora kan zana. Baffa ya zabura da gudun da ban san yana da shi ba. Bokitin farko wayam, na biyu wayam. A na huɗu ya tsaya ya dube mu.

"Mi kunka yi da ruwan?"

"An yi ibada da shi, Baffa," na ce. Wutar kuwa ta fara lasar jinkar rumbu.

Gwaggona ce ta cece mu. Ita da mata biyu suka kinkimo bahon furar sadaka suka watsa, rabi kan wuta, rabi kan babbar rigar Baffa. Rumbu ya tsira, baƙin Gwandu suka koma da ƙishirwa.

Baffa bai zage ni ba. Littafin kawai ya miƙo mini, fura na ɗiga daga gemunsa.

Ranar na gane cewa ruwan da ke zaune yana jira, jiran nan shi ne aikinsa. Yanzu duk makokin da aka yi a danginmu ni ke cika bokitan, ni ke gadinsu, matasa na ƙunshe dariya.