Malama 'Yardada, Mai Ƙirga Haihuwa da Rasuwa

Kullum da ta idar da sallar asuba, Malama 'Yardada Lawal takan ci ɗumame ita kaɗai, ta ja ƙofar gidan da ta gada a gindin Dala, ta rataya jaka, ta shiga lunguna a ƙafa. Takan fara da ungozomomi, ta bi ta wurin masu wankan gawa, tambayarta ba ta canjawa: wa aka haifa, wa ya rasu, shekarunsa nawa, me ya yi fama da shi? Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan aiki a sashen ƙididdigar lafiya, tun zamanin En'e har zuwa ƙaramar hukuma, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

An ɗauke ta aikin ne saboda namiji ba ya shiga gidan matan aure, ita kuwa sallama ta wadatar. Daga baya aka tura ta kwas ɗin ƙididdiga a Kaduna, ita kaɗai mace a ajin.

Sai dai aikin ya raba ta da mutane. Mu nan ba ma son a ƙirga mana 'ya'ya, balle a zo mana gaisuwar rasuwa da littafi a jaka. Gwaggo Binta, tsohuwar ungozoma, ta ce: "Wallahi na sha gani, ta shigo gidan suna, mata su ja yaransu su ɓoye a baya. Za a ba ta abinci, amma ba mai zama tabarma ɗaya da ita." Mijin Malama 'Yardada ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo tana aure a Maiduguri. In ta dawo da la'asar, daga ita sai alƙaluma.

Duk tsawon mulkin soja, bayan kowane wata uku takan aika rahoto sama, ba a taɓa ce mata ko an gani ba. Wata rana ta sayi gyaɗa a Jakara, aka ƙunshe mata a takarda. Tana buɗewa ta ga rubutun hannunta: jerin yaran da ƙyanda ta ɗauke a wata bazara. Ta miƙar da takardar, ta ninke, ta sa a jaka. Tun daga ranar kowane rahoto biyu take rubutawa, ɗaya na ofis, ɗaya na adakarta.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sabuwar majalisar ƙaramar hukuma ta yanke za a haƙa rijiyar burtsatse uku, kowane kansila na so ta sauka a mazaɓarsa. Alhaji Jibrin, kansilan lafiya, ya same ta a ofis.

"Malama, takarda nake so da za ta nuna unguwata ta fi kowace fama da ciwon da ƙazamin ruwa ke jawowa. Ai ke da alƙalami ne."

Ta ce, "Alhaji, ban taɓa rubuta rasuwar wanda yake raye ba. Amma in za ku saurara, zan kawo muku abin da ke nan."

Ranar zaman majalisar ta shiga, ba wata mace sai ita, ta shimfiɗa taswirar da ta zana da hannu. Kowane ɗigon ja yaro ne ɗan ƙasa da shekara biyar da amai da gudawa suka ɗauke cikin damina goma sha biyu. Ɗigon ya yi cincirindo a lunguna uku masu shan ruwan rijiyoyin bakin wani kududdufi, kuma babu ko ɗaya a mazaɓar manyan da ke zaune. Aka fara gunaguni. Wani ya ce lissafin mata ne. Alhaji Jibrin ya matso, ya bi wani lungu da yatsa, ya tsaya kan ɗigo biyu da ke manne da juna.

"Wannan gidan wa ne?"

"Ba na faɗin suna a taro, Alhaji," in ji ta a hankali. "Amma ka san gidan."

Gidan auren ƙanwarsa ne. Shi da kansa ya ɗauki yaran zuwa maƙabarta, damina biyu a jere. Ya cire hula, ya zauna. Da ya ɗago, sai ya ce, "A kai rijiyoyin inda Malama ta nuna."

Ranar buɗewa an yi jawabai, an ambaci kowa, ban da ita. Ta tsaya can bayan taro har ruwa ya zubo, sannan ta kama hanyar Dala. Da daminar bana ta wuce, ta sake zagaya lungunan: inda akan rasa yara goma sha ɗaya a shekara, bana biyu aka rasa. Gwaggo Binta ta rangaɗa guɗa. Ita kuwa cewa ta yi, "Gwaggo, biyun ma suna da uwaye."

Malama 'Yardada, ke ce kika hana a manta da waɗanda ba su kai ga suna a rajistar makaranta ba. Ke ce aka guda, ba ki yi fushi ba. Aka yi banza da aikinki, ba ki rage masa ko ɗigo ba. Uwar ƙirge, mai alƙalamin da ba ya karɓar roƙo! Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki gama lafiya.

An tambaye ta abin da take so a yi mata na sallama. Ba ta nemi lambar yabo ba. Cewa ta yi a samo wadda za ta karɓi littattafan, don har yau ba a naɗa kowa ba. To, 'yan matan cikin ganuwa da Allah ya ba kan lissafi, ga gurbi. Iyaye, ku bar su su karanta. Mu kuma maƙwabtanta, in mun ji sallamarta a zaure, mu amsa da fara'a, mu shimfiɗa tabarma, mu zauna tare da ita.