Saƙon da aka turo wa mamaci

Muna zaune a gidan makokin maƙwabcinmu Malam Sale, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa Talatu ta miƙo min. "Yaya, karanta min, ƙila ta'aziyya ce daga wurin aikinsu."

Direba ne a wani babban kamfanin shinkafa a nan Haɗeja. Saƙon ya ce bai zo aiki ba, bai nemi izini ba, in ya ƙara za a sallame shi.

Ni ba na ƙarya, na karanta mata yadda yake. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Mutumin da ko lokacin ambaliya bai yi fashi ba."

Na koma gefe na kira ɗana Habibu da ke aiki a ofishin kamfanin, na tambaye shi wa ya turo saƙon.

"Umma, ba mutum ne ya turo ba. Kwamfuta ce, in ma'aikaci bai dangwala yatsa da safe ba sai ta tura."

"Ba da kai da manajanku aka binne shi ba?"

"Da mu, Umma. Mantawa aka yi ba a shigar da rasuwarsa a kwamfutar ba."

"To ka shigar. Sannan ka zo ka durƙusa gaban matar nan, tunda kwamfutar ba ta da gwiwa."

Bayan la'asar ya zo ya durƙusa. Abu ɗaya Talatu ta roƙa, a goge fashin nan daga sunan mijinta. Washegari aka goge.

Na'ura ba ta san mutuwa ba, amma masu riƙe da ita sun sani. Ku da ke irin wannan aiki, ku faɗa min, wa zai amsa wannan laifin?