Rairayin Ɗakin Inna

A shekarar da aka mayar da ni wani ƙaramin asibiti kusa da Kajiji, aikina shi ne rubuta duk wanda ya shigo da abin da ya kawo shi. Gidanmu yana Dingyadi. A ranin nan ne ƙanena ya fara zuwa ramukan zinariya na gabas, yana dawowa da buhunan dutse a bayan babur, domin daji ya lalace, ba a iya zama a bakin rami a yi aikin.

Saboda haka aikin ya shigo tsakar gida. A farfasa dutsen da guduma, matarsa ta daka a turmi, ta tankaɗe. A zuba garin a kwano, a yi ta wankewa har mai nauyi ya kwanta. A ɗiga zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, ta kama zinariyar, a matse a tsumma, a ƙona a cokali bisa gawayi. Abin da ke saura a cokalin bai fi ƙwayar dawa ba. Abin da ke saura a gefen rijiya kuwa tsibi ne na rairayi mai laushi, fari-fari, yana ƙyalli.

An taɓa yi mana bayanin irin wannan dutse a taron ma'aikatan lafiya. Na kira ƙanena zaure.

Na ce, "Wanga dutse akwai darma cikinai. Ƙurarshi guba ta ga yara. Ga ɗiyarka ta soma rarrahe."

Ya yi dariya. "Yaya, kai komi ka gani ciwo na. Ƙasa ta hwa! Wadda munka ci muna yara, mi tay yi muna? Ga ka nan har da biro ga aljihu."

Duk da haka ya ji maganata. Ya mayar da turmin bayan gida, ya hana a goya yarinyar wurin daka. Daga ranar ta koma wuni a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Tsibin rairayin dai yana nan inda yake.

Al'adar matan garinmu ce, in azumi ya kama, su kwashe tsohon rairayin ɗaki su shimfiɗa sabo, Sallah ta same shi. Daga fadama ake ɗebo shi. Inna gwiwoyinta sun daina kai ta fadama. Ni kuma azumin nan duka ban zo gida ba, domin abokin aikina ya kwanta ciwo.

Ranar Sallah na tuɓe takalma a ƙofar ɗakinta, na shiga gaisuwa. Ƙafata ta nutse cikin wani laushi da ba na fadama ba. Yarinyar tana zaune a tsakiyar ɗakin, hannunta a baki.

Na ce, "Inna, ina kinka samo wanga?"

Ta ce, "Ga shi nan gindin rijiya, ɗan nan. Wankakke na. Sau nawa anka wanke shi? Maƙwabta ma sun roƙa, na ba su."

Da rigunan Sallah muka kwashe shi, ni da ƙanena, da fartanya da kwando. Muka bi ɗakunan maƙwabta. Wata ta ƙi, ta ce ba a yi mata ɗakin da ya kai wannan kyau ba tun tana amarya. A lokacin ne aka gaya mini agwagin gidanmu masu kiwo a gindin rijiya sun mutu tun tsakiyar azumi.

Ba a daɗe ba yarinyar ta fara amai, sannan jijjiga. Muka kai ta Sakkwato. Aka auna jininta, likita ya faɗi abin da na riga na sani. Har yau ina ganin bai kamata a ce duwatsun nan sun ratso garuruwa a kan babura, kowa yana kallo, babu wanda aka aiko ya shiga gidaje ya gaya wa mata ba.

Ta rayu. Yanzu sa'o'inta suna zuwa makaranta. Ita tana gida. Tana iya tafiya, tana cin abinci in an sa mata a gaba. Ba ta taɓa kiran kowa ba. Inna takan tambaye ni, tun da ni ne na asibiti, yaushe bakin zai buɗe. Nakan ce ban sani ba.