Kawu Ɗantsoho, Ban Jira Sanda Ta Huce Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2003, da hantsi, ina wurin aiki a Baure aka aiko mini cewa Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Amadu Ɗantsoho na Babban Mutum, bayan jinyar wata guda da 'yan kwanaki. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Jama'a sun yi ta yabon halinsa a wurin zaman makoki, ni kuwa kaina na ƙasa, domin akwai maganar da ke tsakanina da shi wadda ban samu ƙarfin faɗa masa ba yana da rai.

Kawu, kai ka riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kai ka kai ni makaranta, har na zama malamin gona. Duk wanda ya san Babban Mutum ya san lambunka na bayan gari, ya kuma san attaruhunka, wanda mahaifinka ya zo da irinsa daga ƙasar Damagaram. Ƙanana ne 'ya'yansa, amma guda ɗaya ya ishi tukunyar miya, kuma ƙamshinsa na riga yajinsa isowa. Mata kan aiko a ce a ba su na Ɗantsoho. Ban taɓa ganin maƙwabci ya zo neman dashe ya koma da ƙwarya wayam ba.

Ba zan manta da shekarar da aka tashi rumfar leda ba, wadda wani shirin dashen itatuwa ya kafa a gefen gari don renon tsirrai. Da aiki ya ƙare aka zazzage tsohuwar ƙasar takin da ke cikin baƙaƙen ledojin renon tsirran, aka tara ta tsibi guda. Mu masu takarda muka ce ta gaji, ƙarfinta ya ƙare. Sai ga ka da jakinka da mangala, kana kwasa sahu bayan sahu. Ni, ɗan da ka rena, na ce maka a gaban abokan aikina kada ka ba ni kunya kana kwasar shara. Murmushi kawai ka yi, ka ce ƙasa ba ta tsufa, yunwa take ji.

Na ga abin da ka yi da ita. Ka baza ta a rana, ka rairaye ta ka fitar da tsofaffin saiwoyi, ka ƙona kara a kanta saboda ƙwari, ka gauraya ta da toka da ɗan rairayi. Da sanyi ya shigo, lokacin da irin kowa kan kwanta a ƙasa ya ƙi fitowa, sai ka haƙa rami iya gwiwa, ka cika shi da ɗanyen kashin jaki da tattakar turke, ka yayyafa ruwa, ka tattake, sannan ka shimfiɗa waccan ƙasar a kai kamar kaurin tafin hannu biyu. Taki na ruɓewa a ƙasa yana ba da ɗumi, iri na sama yana jin daɗinsa. Kafin mutane su ankara dashenka ya isa cira. A shekarar nan har abokan aikin nawa sai da suka zo kallo.

Sharaɗi ɗaya ne a aikin, kuma ka faɗa mini shi ya fi a ƙirga. Akan soka sanda a tsakiyar ramin a bar ta. Kullum da safe a zare a damƙa. Muddin tana da zafi ba a zuba iri, ko da za a kwana goma ana jira. Sai ranar da aka ji ta da ɗumi kamar jikin mai lafiya.

Bara rijiyar lambun ta ƙafe tun kafin attaruhu ya nuna, ba ka sami sabon iri ba. Waɗanda ka sha ba su dashe kuwa babu wanda ya adana, tunda sun san kana nan. Bayan ƙaramar Salla ciwo ya kwantar da kai. Ɗanka Hafizu yana kudu da dabbobi, sai ka aika aka kira ni, ka miƙo mini ƙullin tsumma, ka ce irin da ya rage ke nan, in haɗa ramin kada sanyi ya wuce. Har na kai bakin ƙofa ka sake kirana, ka ce in kula da sanda.

Ramin kam na haɗa shi yadda ka koya mini, ba abin da na rage. Amma a rana ta uku aka ce in tafi Katsina wani taro na mako guda. Na zare sandar, na ji zafinta a tafin hannuna, wallahi na ji shi. Sai na ce wa kaina ai sanyin bana da ƙarfi, zai danne shi. Na yafa irin gaba ɗaya, na rufe da zana, na bar wa maƙwabcin lambu ban ruwa, na hau mota.

Da na dawo ko tsiro ɗaya babu. Na ƙara mako ina leƙe. Daga ƙarshe na tona da yatsa, na tarar da 'ya'yan irin sun yi baƙi, sun dahu. Abin da mutum biyu suka riƙe fiye da shekara sittin, ni na ƙone shi saboda gaggawar 'yan kwanaki.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Kullum na shigo gaishe ka sai ka tambayi lambu kafin ka amsa mini ya jiki. Na kasa faɗa maka gaskiya. Na tafi Daura wurin masu lambu na samo dashen attaruhu irin na kowa, na jera a raminka, na zo na ce maka ya fito. Ni ne kuwa, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ba ni da zance a majalisa sai na riƙon amana.

Ka ce in kawo maka guda ka gani. Na ciro na kawo. Ba ka ko dubi ganyen ba. Ƙasar da ke jikin saiwar ka murza tsakanin yatsunka, ka daɗe kana murzawa. Laka ce ta fadama, ba ta yi kama da taka ko kaɗan ba, kuma sai a lokacin na lura.

Ka ce, “Sabiru, sandar ta huce kafin ka zuba?”

Na ce, “Ta huce, Kawu.”

Ka ce madalla, Allah ya yi mini albarka, ka juya fuskarka wajen bango. Daga ranar ba ka sake tambayata lambu ba, ni kuma don rashin ta ido har daɗi na ji. Kwana tara bayan haka ka rasu.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, matarka Inna Kande ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe ƙasan adaka ta ciro wani ƙullin tsumma, irin wancan sak. Ta ce tun farko biyu ka raba irin. Ranar da na kawo maka dashen nan, bayan na fita, ka umarce ta ta ajiye wannan sai bayan ranka. Ta ce ta tambaye ka me zai hana a ba Hafizu, ka ce a'a, ni za a ba.

Ta ce, “Cewa ya yi in gaya maka, kai ka iya haɗa rami, jira ne ba ka iya ba. Wannan karon ka jira.”

Na yi kuka a gabanta kamar ƙaramin yaro, na faɗa mata komai. Ta ce ai ta sani, kuma ka ce ka yafe tun kafin in nema. Wannan yafiyar ta fi mini nauyi a kan faɗa, Kawu. Da ma zagina ka yi.

Na tumɓuke dashen Daura na zubar. Na kwashe ƙasarka na sake rairaye ta, na sabunta takin, na soka sanda. Yau kwana shida. An sake kirana taro, na ce ba ni zuwa. Da safen nan na zare ta na damƙa, har yanzu da sauran zafi, sai na mayar da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kande, da 'ya'yansa Hafizu, da Ummukulsum, da Amatullah, da dukkan jama'ar Babban Mutum. Ina kuma roƙonsu gafara, domin abin da na ƙone nasu ne. In Allah ya sa wannan ya fito, dashen farko gidajensu zai shiga.

Ya Allah ka ji ƙan bawanka Amadu Ɗantsoho, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa duk tukunyar da ta amfana da lambunsa ta zama sadaka mai gudana a gare shi. Ya rufa mini asiri alhali ya san laifina, Ya Allah ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ni kuma ka ba ni haƙurin da ya mutu yana koya mini. Amin.

Sabiru Babban Mutum, Baure.