Ƙarfe da Ƙarfe a Kalgo

Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina ɗan shekara uku, bayan wani zazzaɓi da Inna ba ta son a tuna mata shi. Tana ɗaukata idan na dogara da sanda, amma idon sawun ba ya lanƙwasa, yatsun kuma ba sa jin magana. Ta dama kuwa Allah ya zuba mata ƙarfin biyu. Da ita nake taka keken ɗinki a shagona a Gwandu tun ina saurayi, kuma ba ta taɓa nuna mini ta gaji ba.

Duk inda na je a rayuwata, a bayan yayana na je. Muna yara ya goya ni zuwa makaranta. Da ya sami keke ya ɗora ni a baya. Da albasa ta yi masa kyau ya sayi babur, kafin ya nuna wa kowa sai da ya kai wa mai walda, aka ƙera masa wata kujerar ƙarfe mai majingini a baya, da faffaɗan mataki a gefen hagu inda zan ajiye ƙafata. Mutanen gari suna cewa ba su taɓa ganin ɗan'uwa irinsa ba. Gaskiya suka faɗa. Ni ma ban taɓa gani ba, kuma na gaji da shi har wuya.

Ku fahimce ni, ba ƙinsa nake ba. Amma mutum da gemunsa da 'ya'yansa biyu, in zai je Masama auna wa ango riga sai ya jira wani ya dawo daga lambu? In na ce zan je ta'aziyya Maruda, sai a ce bari Yaya ya ci abinci. Ya saya mini keken guragu mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu, ya sa aka yi masa koren fenti. Na hau sau biyu don kada ya ji haushi, na jingine shi a zaure, kaji suka mai da shi nasu. Ni babur nake so. Matsalar ita ce duk babur ɗin da ke ƙasar nan, har roba-robar da mata ke hawa, giyarsa a ƙafar hagu take. Na taɓa roƙon wani bakanike ya haɗa mini sandar da zan riƙa sa giya da hannu. Ya amsa, washegari ya ce ba zai iya ba. Daga baya na ji cewa Yaya ya bi makanikan garin ɗaya bayan ɗaya ya ja musu kunne.

Ƙanwarmu tana aure a Kumasi, can ƙasar Gana. Da haihuwarta ta matso, Inna ta ce lallai wani ya je. Yaya yana tsakiyar cirar albasa, don haka aka sa ni a gaban wata motar albasa kusa da direba, da addu'o'i da gargaɗi kamar za ni yaƙi. Wannan ce tafiyata ta farko ba tare da shi ba.

A can na ga babur ɗin. Mijin ƙanwata ya kai ni unguwar makanikai neman wani ƙarfe na keken ɗinki, sai na hango shi a bayan wata rumfa, an lulluɓe rabinsa da tsohon tanti. Baƙi ne, mai ƙaton tanki da kujera mai sifirin, tsatsa ta ci gefen salansa. Tsohon da ke da rumfar, wanda ke jin Hausa sama-sama, ya ce ƙirar Ingila ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce matasa ba sa sonsa domin komai nasa a juye yake. Na ce a juye kamar yaya? Ya nuna mini da ƙafa: giya a dama, birkin baya a hagu.

Na zauna a kan benci ina lissafi. Giya ita ke son wayon ƙafa, a ɗaga a danna, a ɗaga a danna. Birki nauyi kawai yake so, kuma wannan ko ƙafata ta hagu tana iya bayarwa, ga na hannu yana taimaka mata. Ashe tun kafin a haife ni wasu mutane a wata ƙasa sun ƙera babur daidai ni, ya zo ya kwanta a bayan rumfa yana jira. Tsohon ya buga shi sau uku ya tashi, da wata murya mai kauri, dum, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ban yi dogon ciniki ba. Mijin ƙanwata yana ta taka mini ƙafa don in ja da baya, bai san ta hagun yake takawa ba.

Sai maganar kai shi gida. Direban motar albasar zai koma da wasu kaya, ya ce ba shi da wurin babur a tsaye, amma in an kwance shi zai saka a lungu-lungu. Tsohon ya yini biyu yana kwancewa, ni ina gefe ina zuba kusoshi a ƙananan jakunkuna da na ɗinka da guntayen atamfa, kowace jaka da launinta. Gangar jikin aka naɗe da tabarma. Sauran ya shiga buhunan albasa huɗu: tayoyi, sai tanki da kujera, sai fitila da wayoyi da salansa, na huɗu kuma inji da akwatin giya, wanda sai mutum biyu ke ɗagawa. Aka yi takardun kan iyaka, direban ya sa a aljihu. Ni kuma na tsaya suna, don ƙanwata ta sauka kwana biyu kafin motar ta tashi. Kayan suka riga ni isa Gwandu da mako guda.

A gidanmu, kayan matafiyi in sun riga shi zuwa ba a jiransa. Tsaraba ce, ta kowa ce, Inna ke kwancewa ta raba. Ni na san haka sarai, amma murna ta hana ni tunani. An ce mata sun taru har da maƙwabta, ana jiran atamfa da goro da man kaɗanya, aka farke buhu sai ga taya. Aka farke na biyu sai ga tanki mai tsatsa. Wata gwaggonmu ta ce wannan yaron ko dai an yi masa asiri a Gana.

Da na dawo na tarar da kujerar babur a gindin murhu, matar Yaya tana zama a kai tana tuƙa tuwo. Na wuce ta. Na shiga zaure na ƙirga: ga tabarma, ga buhu ɗaya, biyu, uku. Na sake ƙirgawa kamar wanda bai yi makaranta ba.

Na sami Yaya a ƙofar gida yana gyara buhunan iri. Na ce, "Yaya, ina buhu na huɗu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wane? Wancan mai nauyi? 'Yan gwangwan sun wuce shekaranjiya, na ba su. Tarkace na, ya cika muna zaure."

"Tarkace? A cikin huɗu shi kaɗai ka gani tarkace?"

Sai ya ɗago. Ya ce, "Ƙanena, mi kaka so? Mi ka nema ban yi maka ba? Ina ka ce za ka ban kai ka ba? So kake wata rana a aiko mini in zo in kwashe ka bisa titi?"

Na ce, "In an aiko, ka zo ka kwasa. Hakkinka na. Amma hanyar da za a kwashe ni bisanta, ni za ni kai kaina."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, haushin ya fi yawa.

Mai sayen gwangwan na unguwarmu ya ce kayan sun riga sun tafi Kalgo, wurin maigidansa, inda ake tara ƙarafa a loda wa tirela ta kai kudu a narkar. Ya ce tirelar gobe za ta tashi bayan azahar. Ya ƙara da cewa kada in wahalar da kaina da kuɗi, mutumin ba ya mayar da abin da ya hau sikeli, don da nauyi ya yi alkawarin lodi. Sai dai ƙarfe da ƙarfe: ka kawo nauyin abinka, ka ɗauki abinka.

Ina da ƙarfe ɗaya a duniya ban da keken ɗinki da sandata. Da asuba na kori kaji daga kan koren keken guragun, na sa aka ɗaure shi a saman motar haya. Inna ta tsaya a bakin zaure tana cewa in ji tsoron Allah, kyautar ɗan'uwa ce. Na ce na sani, Inna, shi ya sa take da nauyi.

Filin gwangwan na Kalgo yana bayan gari, tsibi-tsibi na tsofaffin tukwane da garmuna da ƙofofin mota. Maigidan wani kakkauran mutum ne mai tsinken sakace a baki. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka tono buhun daga ƙarƙashin wasu rodi. Da na ga bakin injin ya leƙo ta inda buhun ya yage, sai da na yi hamdala a fili. Aka rataya shi a sikeli, aka sauke. Aka rataya keken guragun. Mutumin ya duba allura, ya girgiza kai.

"Malam, bai kai ba. Da saura, kuma ba kaɗan ba."

Na ce ya ƙara da sandata, ta ƙarfe ce. Ya yi dariya ya ce ko ni ya ɗora gaba ɗaya ba ƙarfe ba ne. Na ce to ba inda za ni, in tirelar za ta tashi sai dai ta tashi da ni a kan buhun. Na zauna a kansa kuwa. Masu lodi suka tsaya suna kallo, rana tana hawa.

Ina zaune na ji ƙarar babur ɗin da na fi sani a duniya. Yaya ne, ya biyo ni tun daga Gwandu. Ya kashe, ya sauka, ya dubi koren keken yana lilo a jikin sikeli. Ya daɗe yana kallonsa. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshi. Sai ya wuce ni. Ya tambayi maigidan abin da ya rage, aka faɗa masa. Ya buɗe akwatin babur ɗinsa ya ciro sifana.

Kusoshin kujerar sun yi shekaru ba a taɓa su ba, sun ƙi. Ya sa ƙafa ya danne sifanar har hularsa ta faɗi. Ya kwance majinginin, ya kwance kujerar, ya durƙusa ya kwance faffaɗan matakin da ƙafata ta goge har yana ƙyalli. Ya tattara su ya ɗaure a jikin keken. Allura ta motsa, ta wuce inda ake so da ɗan kaɗan.

Ya ce da maigidan, "Ya kai?" Aka ce ya kai. Sai ya juyo gare ni, idonsa jajir. "To ga shi nan. Ba ni da wurin da za ni ɗora ka yanzu. Ka san yadda za ka koma gida."

Ya hau ya tafi, bayan babur ɗinsa tsirara, ramukan kusoshi huɗu a fili. Na yi nasara, kuma na zauna a kan buhun na yi kuka kamar yaro, masu lodi suka juya baya suka ba ni wuri.

Maigidan gwangwan ne ya nuna mini wani dattijon bakanike a Kalgo wanda ya yi aikin irin waɗannan babura tun zamanin da malaman gona ke hawansu. Na kwaso sauran kayan daga Gwandu, har da kujerar da na karɓo daga gindin murhu tana ƙamshin miyar kuka. Wata biyu ya yi yana haɗawa, yana yaba jakunkunan atamfata, yana zagin wanda ya ƙera wayoyin. A filin bayan garejinsa na koyi tuƙi. Ƙafar da ta shekara ashirin tana taka keken ɗinki ba ta sha wuyar gane giya ba. Tsayawa ce ta ba ni wuya, don dole in tuna kullum a dama zan sauke ƙafa.

Ranar da zan kai shi gida ban gaya wa kowa ba, amma ina fita daga Kalgo na ga Yaya a madubi. Bai matso ba, bai tsaya ba. Haka muka ratsa Birnin Kebbi, muka kama hanyar Gwandu, ni a gaba, dum, dum, dum, iska tana cika mini riga. Ban taɓa ganin hanyar nan ba sai ta gefen kafaɗarsa. Ashe faɗi gare ta.

Dab da gari wasu awaki suka yanko titi. Na taka birki, na tsaya lafiya, sai na manta na karkata hagu. Ƙafar ta yi abin da ta saba, ta lanƙwashe, muka zube ni da babur a cikin rairayin gefen hanya. Kafin in tofar da ƙasar bakina Yaya yana kaina, hannuwansa a miƙe.

Na ce, "Kada ka taɓa ni."

Ya tsaya. Sai ya mai da hannuwan baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. Na zare ƙafata daga ƙarƙashin tanki. Na ja jiki na zagaya, na durƙusa a gwiwar dama, na sa kafaɗa a ƙarƙashin kujera. Karon farko ya dawo mini. Na biyu ma haka. Ina jin numfashin Yaya a bayana kamar shi ke ɗagawa. A na uku babur ɗin ya miƙe, na kafe shi a kan ƙarfen tsayuwarsa, na hau, na buga ya tashi.

Sai a lokacin na dube shi. Hawaye ya jiƙa masa gemu, hannuwansa har yanzu suna baya. Ya share fuska da kafaɗa, ya ce, "To mi kaka jira? Wuce gaba, ina biye."