Aninin Uwais

Uwais ɗan Haɗeja ne, direba a wani kamfanin gine-gine a Doha, mutum mai sanyin hali kamar ruwan randa. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya a unguwar Mesaimeer, mu shida, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Aikinsa ɗauko injiniyoyi daga Al Gharrafa ya kai su wurin gini, kuma da sitiyarin nan yake ciyar da 'ya'ya biyar a gida.

A madubin motarsa akwai wani anini mai huji, irin na zamanin Turawa, mai tauraro mai tsini shida. Mahaifiyarsa ce ta ɗaura masa a ƙugu tun yana jariri, maganin baki. Abin da ya rage masa nata ke nan.

Farkon 2009, ana tsakiyar yaƙin Gaza, ran kowa a ɓace, Ghali ya shiga motar. Ghali ɗan ɗakinmu ne, direban wucin gadi da ba shi da mota tasa.

"Kai, Uwais! Wannan ai tauraron tutar Isra'ila ne."

"Hatimin Annabi Sulaimanu ne. Haka Inna ta ce min."

"To ka binciki asalin Innar taka."

Daga ranar sunansa ya koma Bayahude. Da wasa aka fara. Sai aka daina cin abinci da shi a faranti ɗaya, in ya tsaya zai ja mu sallah wani ya yi wuf ya shige gaba. Ni kuwa na san aninin sarai, kakata tana da irinsa a cikin gafaka. Na ja bakina na yi shiru, har dariya na taya su. Ina jin kunyar wannan har yau.

Wata safiya aka ba Uwais ɗaukar wata dattijuwar injiniya 'yar Kanada, Ghali yana kujerar gaba. Matar ta hango aninin, ta miƙo hannu ta taɓa shi tana murmushi. Ta ce da Turanci kakarta ma tana da sarƙa mai irin tauraron nan, don ita Bayahudiya ce. Ba ta nufi komai ba, baiwar Allah. Ghali ya juyo ya kalli Uwais, ya ce da Hausa, "Ga gwaggonka ta gane ka."

Uwais ya fizge aninin ya cilla ta taga. Ya tofar da yawu, ya shiga zagin Yahudawa kaf, da Turancinsa na tasha, zagin da ba shi da kai. Idonsa na kan Ghali, amma matar ce ta sha. Ta sauka, ta kai ƙara ofis.

Kafil ɗinsa, wanda bizarsa ke hannunsa, bai ko saurare shi ba. "Khalas," ya ce, wato shi ke nan, aka yankar masa tikitin komawa gida.

A ɗaki kuwa sai ga Uwais ya zama gwarzo. Ghali har da dafa masa kafaɗa: "Ashe dai namu ne!" Aka jawo masa faranti, ya kasa kai loma.

Da zai tafi ya roƙe ni abu ɗaya, in duba masa bakin titin nan ko zan ga aninin. Na je ranar Juma'a, na tona yashi har la'asar, marafan kwalba kawai na samu.

Ghali ne ke jan motar yanzu. Kullum da safe shi ke buɗe wa matar ƙofa, har da rusunawa.