Kawunan da Yaya Ya Yanke

Babanmu mai zanen hotuna ne, tun zamanin da mutanen Rano ba su ɗauki wannan a bakin sana'a ba. Ranar kasuwa yakan zauna a gindin wata tsamiya da fensir da farar takarda, ya yi ta satar fuskokin mutane: mahauci yana wasa wuƙa, Bafulatana a gaban ƙwaryar nono, ɗan kamasho yana cacar baki da direba. Wasu su yi dariya su karɓi nasu, wasu su ja masa Allah ya isa. Daga baya masu buga littattafai a Zariya suka san da zamansa, ya riƙa yi musu hotunan littattafan yaƙi da jahilci da na 'yan firamare. Duk wanda ya taɓa ganin wani tsoho da jaki a irin waɗannan littattafai, to maƙwabcinmu ne. Jakin ma na san shi, cizo gare shi.

Mahaifiyata ta rasu ina goye. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don a lokacin matar aure ba ta zuwa wurin mai hoto. Gwaggo, yayar Baba wadda ta raine ni, ita ta gaya mini cewa ya taɓa zana ta, babban zane har da launi, kuma yana cikin adakar da ke ƙarƙashin gadonsa. Ban taɓa ganinsa ba. 'Ya'yana sukan ce, to me ya hana ki ce ya nuna miki? Ba su tashi a gidanmu ba, shi ya sa. 'Ya ba ta tunkarar uba da zancen matarsa, shi kuwa ko sunanta ban taɓa ji a bakinsa ba. Sau ɗaya ya taɓo maganar, ranar da za a kai ni gidan miji a Kibiya. Ya gama yi mini nasiha, ya nuna adakar da haɓa.

"Abin da ke ciki naki ne, bayan raina," in ji shi.

Na sunkuyar da kai na ce to. Na haihu, na aurar, ina jira. Jira ne mara daɗin faɗa, domin abin da nake ɗoki mutuwar ubana ce kaɗai za ta ba ni shi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Yaya. Shi ya girme ni sosai, ya san ta, ta yi masa wanka, ta dake shi, ta ɓoye masa ƙanzo. Yaya bai taɓa son sana'ar Baba ba. Yana yaro ana tsokanarsa da ita, da ya girma yana fataucin hatsi zuwa Kano kuma sai ya riƙa jin wa'azi a kan azabar masu zana abu mai rai. Ya sha roƙon Baba ya daina. Baba dai murmushi yake yi ya ce Allah ya san ba bauta musu yake ba.

Baba ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Ranar sadakar uku ina bakin murhu ina tuyar waina, idona ya kumbura da kuka da hayaƙi, sai ga Yaya ya shigo da wani ƙunshi a tsohuwar jarida.

"Ungo, tura wannan a wuta."

Na karɓa na tura. Har na sa itace na danna shi ciki don ya ci da kyau, na ji daɗi ma da wutar ta tashi, don itacen ɗanye ne yana ba ni wahala. Wainar ta yi kyau, kowa ya yaba.

Sai da baƙi suka watse na shiga ɗakin Baba na jawo adakar. Na ɗaga murfi, ga takardu nan a jere, fes, babu abin da gara ta taɓa. Na ɗauki ta sama. Mahaucin nan ne da wuƙarsa, amma babu kai. An bi wuyansa da reza an cire, tsaf, kamar aikin tela. Na ɗauki ta biyu, haka. Bafulatana, direba, liman, tsohon nan mai jaki, har jakin bai tsira ba. Na yi ta ɗagawa har na kai ƙasa, inda aka naɗe wata a cikin farin ƙyalle.

Tana zaune a kan tabarma. Zaninta shuɗi ne, ƙafafunta da lalle, hannunta na dama a kan gwiwa, na hagu yana riƙe da faifai. Baba ya zana har jijiyar bayan hannunta. Daga wuya zuwa sama kuwa rami ne, ina hango ƙasan adakar ta cikinsa.

Na fita da ita a hannu na sami Yaya a zaure.

"Yaya, ina kan?"

"Ke kika ƙona da hannunki," ya ce, ko a jikinsa. "Na tambaya, an ce idan aka cire kai, hoto ya zama kamar itace. Kina so a yi ta azabtar da Baba a kabari saboda takarda?"

"Ai da ka bari na gani. Kallo ɗaya, sannan ka yanke."

"Da kin gani ba za ki bari ba. Ki yi haƙuri, addu'arki take buƙata, ba kallo ba."

Ni ba malama ba ce, ban ja da shi a kan hukunci ba, kuma na san don son Baba ya yi. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don ban sami inda zan kama in zage shi ba. Amma haƙurin da ya ba ni mai arha ne. Shi yana da fuskarta a kansa, duk sanda ya rufe ido zai gan ta. Ni ce ba ni da komai, kuma nawa ya ɗauka ya yi wa Baba sadaka da shi. Na tsane shi a ranar, na daɗe kuma ina tsanarsa. Muna gaisawa ranar salla, muna haɗuwa wurin suna da biki, iyakarta ke nan.

Bayan wasu shekaru na je Fammar duba Inna, ƙanwar mahaifiyata, da ciwon ƙafa ya kwantar. Hira ta kawo mu kan adakar, sai ta ce, "Ai yayata tana cikin littafi. Matar nan mai tankaɗe a littafin 'yan makaranta, ita ce. Mun yi ta yi mata tsiya wai ta shiga boko ba ta sani ba."

Tun daga nan na zama abin dariya. Tsohuwa da jikoki tana yawo a bayan babur daga Kibiya zuwa Rano zuwa Zinyau, tana tambayar littafin aji ɗaya. Makarantu sun ce an daina shi tun tuni. Waɗanda suka taɓa mallaka sun ce masu ƙosai sun gama da shi. A ƙarshe wani tsohon hedimasta a nan Kibiya, bayan layinmu ma, ya zazzage buhun takardunsa ya fito da guda, ba bango.

"Hajiya, ki riƙe, ni ba abin da zan yi da shi," ya ce.

Ban buɗe ba sai da na koma gida na rufe ƙofa. Ga ta nan a tsakiyar littafin, a durƙushe da rariya. Fuskar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, tawadar ma ta dushe. Wani ɗan banza kuma, wanda yanzu wataƙila alhaji ne da furfura, ya bi ta da biro ya yi mata gashin baki da tabarau. Na yi dariya har na ƙware, daga nan na yi kukan da ban yi ba ranar da na buɗe adakar.

Bara Yaya ya zo gidana, abin da bai saba ba. Ya tsufa, ya bar fatauci, yana dogara sanda. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar taki da ciwon gwiwa. Sai da ya miƙe zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, bai kalle ni ba.

"An ce kin samo wani littafi."

"Na samo."

"Ko za ki nuna mini? Kwanan nan ina so in tuno fuskarta, ta ƙi zuwa. Muryarta dai ina ji."

Na ɗauko na buɗe masa shafin. Ya fita da shi tsakar gida inda akwai haske, ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya sa babban yatsa yana murza biron kamar zai goge. Ya daɗe a haka.

"Wannan ita ce?" ya ce.

"Ni zan tambaye ka, Yaya. Kai ka san ta."

Ya ƙara dubawa. Sannan ya ce bai sani ba.